Rasuwar Rimokon na Gidan Alhaji Maharazu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Alhaji Maharazu na unguwar Kabara ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki, in da sauran waɗanda suka rage, rasuwar amininsa Rimokon, ɗan abin nan da ake juya talabijin da shi daga nesa.

An haifi marigayin a Japan. Alhaji ne ya ɗauko shi a zuwansa na farko kuma na ƙarshe, zamanin da kwangilar soja ke zuba a gidan nan kamar famfo. A can ya ji mutanen ƙasar na datse sunayen Turanci suna gajarta su, abin ya burge shi, ya dawo ya kafa doka: babu rimot a gidansa, sai Rimokon. Duk wanda bakinsa ya kuskure, ya ji a jikinsa.

Marigayin mai biyayya ne, bai taɓa tambayar dalili ba. "Ƙit," labarai su ɗauke ana tsakiyar saurare. "Ƙit," maƙwabtan da suka cika tabarma su tashi neman takalmansu. Ko jifa aka yi da shi yakan isa inda aka aike shi. Tabon da ke goshin matar gidan, Hajiya Turai, shaida ne.

Da soja suka koma bariki, kwangila ta ƙafe, 'yan zaman zaure suka watse, ciwo ya shanye wa Alhaji ɓarin jiki ya haɗa da harshe. Duk gidan nan Rimokon kaɗai ya rage mai jin maganarsa: ya danna da yatsan hagu, a yi masa yadda yake so. Wallahi ya fi son sa a kan 'ya'yan cikinsa, su ma kuma sun sani.

Ajali ya riske shi ranar Talata, a cikin kwanon kunun tsamiya mai zafi. Hajiya ta ce suɓuce mata ya yi tana goge shi. Alhaji dai yana kallo, ya ga yatsunta suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, babu gaggawa. An shanya shi a rana, an garzaya da shi wajen Audu mai gyara, ya jijjiga shi a kunne ya ce sai haƙuri, irinsa babu a Kano.

Ya bar ƙannensa Terebi, wato talabijin, da Eyakon mai sanyaya ɗaki wanda ya daɗe yana jinya, da Rajikase mai tauna kaset.

Za a kai shi makwancinsa gobe bayan la'asar a bolar bayan gida, Hajiya da kanta za ta ɗauki gawar. Zaman makoki a falo ne, inda Alhaji ke kwance gaban talabijin. Hajiya ta saita masa tashar da farar hula ke jawabi tun safe, ta ƙure murya. Tana roƙon masu ta'aziyya, in sun ga yana nuna akwatin da ido yana gurnani, kada kowa ya taɓa. Ta ce zafin rashi ne.