Ƙyallen Mai Girma da Naƙudar Anti Uju

Jama'a, barkanmu da war haka. Yau da safe ɗankwalina ya maƙale a jikin ƙyallen Mai Girma. Na miƙe tsaye kaina a buɗe, tsohon kitsona yana gaida kowa a ƙofar asibiti. Mai gadi ne ya ciro mini shi ya miƙo yana kallon gefe, Allah ya saka masa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ba yau na fara bi ta ƙarƙashin ƙyallen nan ba, kuma bai taɓa shafar ko gashina ba. Amma bari in faro muku daga tushe.

Gidan haya ɗaya muke a Jos Jarawa da Anti Obianuju, wadda duk layi ke kira Anti Uju. Tana sayar da kwanuka da robobi, ni kuma ina tuyar dankali a ƙofar gida. Mijinta Oga Cletus kayan gyaran mota yake sayarwa. Haihuwarta ta fari da aiki aka ciro yarinyar. Da ta je awon wannan cikin, hoto ya nuna ɗan ya kwanta a gicciye, ya miƙe ƙafa kamar maigida a kan doguwar kujera bayan an taso coci. Likita ya gaya mata ba a ɓoye ba: wannan ba haihuwar gida ba ce, ba kuma ta gwiwa ba ce. In naƙuda ta yi nisa a haka, tsohon ɗinkin zai iya buɗewa, a rasa uwa a rasa ɗa. Ya sa mata ranar tiyata, ranar Alhamis.

To, a asibitin nan da ba zan kama sunansa ba, an yi sabon gini. Akwai ɗakin tiyata a ciki, akwai ɗakin kwanciyar waɗanda aka yi wa aiki. Gini mai kyau, ba zan ci amanar gaskiya ba. Saura kawai Mai Girma Uban Almakashi, Mabuɗin Gine-gine, ya samu sarari ya zo ya yanka ƙyalle. Don kada hoto ya fito da ɗaki fayau, sai aka kwashe gadon tiyata da babbar fitila da tukunyar iska daga tsohon ɗaki aka jera su a sabo. Tsohon kuwa aka cika shi da kujerun roba na biki. Duk wadda aiki ya kama da gaggawa sai a tura ta wani asibiti can ƙarshen gari. Aka ɗaura jan ƙyalle a ƙofa, aka sa rana.

Rana ta zo, aka ce Mai Girma ya yi tafiya. Aka sake sa wata, aka ce ruwan sama. Ƙyalle dai yana nan, ruwan Agusta yana dukansa, har ya koma kalar zoɓon da aka yi wa ha'inci.

Na tambayi mai gidan hayarmu Baba Dantong, wanda ya yi ritaya tun ban san kaina ba. Na ce, "Baba, me zai hana a kwance shi a ajiye, ranar biki a sake ɗaurawa?"

Ya sauke rediyo daga kunne ya dube ni. "Firisila, ke yarinya ce. Ƙyallen manya ba igiyar shanya ba ne. In aka kwance, an buɗe ke nan. In an buɗe, Oga ya zo ya yi me?"

Karatuna bai wuce firamare ba, sai na koma kan tuyata.

A ƙarshe aka tsayar da Laraba. Anti Uju ta ji daɗi ƙwarai, don an gaya mata ita za ta fara shiga washegari, har da kyautar bokiti da hoto da Mai Girma. Ta yi sabon kitso, ta goge zane, ta shirya jaka ta ajiye a bayan ƙofa. In ta wuce wurin tuyata sai ta shafa ciki ta ce, "Kai, ka ji ko? Alhamis. Kada ka kunyata ni gaban manya."

An ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Amma wanda ke cikin ciki ba ya sauraron sanarwa. Ranar Litinin da hantsi, ina juya dankali, na ji an kira ni da wata murya da ban san Anti Uju da ita ba. Na same ta ta dafa bango, zanenta a jiƙe. Faya ta fashe.

"Ƙanwata, ɗauko jaka," in ji ta. "Wannan yaro bai san Alhamis ba."

Na kira Oga Cletus a waya. Ashe tun asuba ya kai motarsa layin mai, don kada Alhamis ta same shi da tanki a bushe. Mutumin kirki, ba ya fafe gora ranar tafiya. Sai dai yanzu mota a gabansa, mota a bayansa, mota a kowane gefe, ba fita ba shiga. Ya ce zai bar ta nan ya taho da ƙafa. Muka tare keke, Baba Dantong ya kama Anti Uju muka saka ta a ciki, ya ce in tafi shi zai kashe mini wuta.

A hanya ba ta yi kuka ba. Sai dai ta matse hannuna ta saki, ta matse ta saki, tana kiran sunan Allah da yarensu. Sau ɗaya kawai ta ce, "In wani abu ya faru, kin san Obiamaka ba ta cin abinci sai an zauna da ita." Obiamaka ita ce 'yarta ta fari. Na ce ta daina irin wannan magana.

Da muka isa asibiti, Sista Pauline ta ɗakin awo ta duba ta, fuskarta ta canza, ta aika a kira likita. Likita ya zo ya taɓa cikin, ya ce ba za ta kai wancan asibitin ba. Ko da za ta kai, motar asibiti ba ta nan. An wanke ta, an shafa wa tayoyinta baƙi saboda Laraba, an tura ta shan mai. Daga baya muka ji ashe tana bayan motar Oga Cletus.

"Sabon ɗaki," in ji likita. "Yanzu."

Muka riƙo ta muka nufi sabon gini. A nan muka tarar da Oga Ignatius, wanda aka turo daga wajen Mai Girma don shirye-shiryen biki. Siririn mutum ne mai kwat da ta fi shi faɗi, tef ɗin awo a wuyansa kamar tela. Shi ya ɗaura ƙyallen da hannunsa, shi yake gadinsa. Da ya hango almakashi a hannun Sista Pauline sai ya tare ƙofa ya buɗe hannaye.

"Sista, don Allah. Ki yanka ni, kada ki yanka wannan."

"Oga Ignatius, matsa. Ba ka ga matar mutane ba?"

"Na gani, wallahi na gani. Ni ma mata ce ta haife ni. Amma in Oga ya ji wani ya riga shi, ni da aiki sai a lahira. Bari in buga waya, minti ɗaya."

Likita ya ce, "Buga. Ka gaya masa akwai wani babban baƙo da ya iso ba gayyata."

Oga Ignatius ya buga wa ogansa. Ogansa ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, bari ya buga wa nasa ogan. Wancan ya ce zai tuntuɓi na sama. Na sama yana taro. Ban taɓa sanin ogogi suna da yawa haka ba, kamar albasa, ka ɓare wannan ka tarar da wani, kuma duk hawaye ne. Ina da magana a bakina, magana mai zafi ma, amma ni ko a coci aka ce in yi addu'a muryata ɓacewa take yi. Na rungume jaka na tsaya.

Anti Uju kuwa ba ta cikin wannan shawara. Ciwo ya sake taso mata, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, ta sulale ta durƙusa, hannu biyu a ƙasa. Daga inda take ta ɗaga kai. Su suna can sama suna gardama a kan ƙyalle, ita kuwa abin da take gani ƙofa ce a buɗe da farin tayil ya miƙe har ciki. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta rarrafa ta gefen ƙafar Oga Ignatius, ta bi ta ƙarƙashin ƙyalle, sabon kitsonta ko taɓa shi bai yi ba. Da ta shiga sai ta waiwayo tana haki.

"Dokta, ni na shigo. Ku in kun gama mitin, kun san inda nake."

Oga Ignatius ya dubi ƙyalle, ya ga yana nan lafiya ƙalau. Ya dubi waya. Sai ya sa ta a aljihu, ya kama ƙyallen da yatsa biyu ya ɗan ɗaga.

"Ɗagawa ba yankawa ba ce," in ji shi a hankali, kamar mai gaya wa kansa. "Bismillah, Dokta. A kula da kai."

Likita ya sunkuya ya wuce. Sista Pauline ta sunkuya. Mai allurar barci, mutum mai jiki, ya yi nishi ya sunkuya. Tun da nake ban taɓa ganin manyan asibiti sun rusuna wa talaka a jere haka ba.

A nan ne ya kamata mu yaba wa Mai Girma, don wanda bai gode wa kaɗan ba, ba zai gode wa mai yawa ba. Ina zaune a benci da Oga Ignatius, yana jan carbinsa, ya gaya mini sirrin aikinsu. Ba a ɗaura ƙyalle da ka. Ana auna shi ne daidai cibiyar mai yankawa, don kada ya sunkuya a hoto. Mai Girma kuwa Allah ya yi shi dogo, ga tumbi ya ɗaga cibiyar sama. Da gajere ne, da ban san labarin da zan ba ku yau ba. Wasu suna cewa bai yi wa mata komai ba. Ni shaida ce, tsayinsa kaɗai ya ceci rai biyu.

Oga Cletus ya iso a guje, takalmi ɗaya a hannu, laka har gwiwa. Bai tambayi kowa ba ya sunkuya zai shiga, mai gadi ya riƙo shi. Muna nan sai muka ji kuka daga ciki, siriri amma mai faɗa. Sista Pauline ta leƙo ta saman ƙyalle ta ce namiji ne, uwa ma lafiya, amma da an ƙara jinkiri da wani zance ake yi. Oga Cletus ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da takalmin. Oga Ignatius ya fi shi hawaye. An sa wa yaro Chukwudalu. Baba Dantong dai Riga-Oga yake kiransa, kuma sunan ya bi layi.

Laraba ta zo, aka ce Mai Girma ya wuce wani gari buɗe rijiya. Tun daga ranar ake aiki a sabon gini ta ƙarƙashin ƙyalle. Masu jinya su sunkuya da kwanon abinci, likitoci su sunkuya, wadda aka yi wa aiki a kwantar da ita a gadon turawa a zura ta kamar burodi a tanda. A rubuce dai ba a buɗe ginin ba, don haka Riga-Oga, wanda yanzu har ya fara murmushi, a wajen manya ba a haife shi a ko'ina ba.

Yau na raka Anti Uju a duba mata ɗinki, shi ne ɗankwalina ya gamu da abin da ya gamu da shi. Ina ɗaurawa sai ga Oga Ignatius da tef a hannu, yana ta ba ni haƙuri. Wai saƙo ya zo jiya, Mai Girma ba zai samu zuwa da kansa ba, wakili zai turo. Wakilin kuma, ban da rainin manya, Allah bai ba shi tsayi ba. Shi ne aka sauke ƙyalle da taƙi guda.

Anti Uju ta dubi ƙyallen, ta dubi layin masu ciki da ke zaune a benci. Ta ce, "Oga Ignatius, waccan mai 'yan biyu fa? Ta ina za ta bi?"

Ya sosa kai. "Madam, ku dai yi addu'a kada wakilin ma ya turo wakili."

Na kawo wa Baba Dantong labari, ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na ce haka ne Baba, amma wanda ya yi karin maganar nan bai taɓa ɗaukar cikin wata tara ba.

Don haka, ranka ya daɗe Uban Almakashi, ba mu ce ka yi sauri ba, mun san hidima ta yi maka yawa. Ka zo duk ranar da ka ga dama. Roƙonmu ɗaya ne, mu matan Jos Jarawa: in har aike za ka yi, a duba mana dogo.