Yadda Wasiƙata ga Zulai Ta Shiga Manhajar Manoma

Ko da zan manta da komai na shekarun da na yi ina aikin kwamfuta daga ƙauyenmu, ba zan taɓa mantawa da wata Talata ta ƙarshen bazara ba, ranar da aka karanta wa surukina sirrin zuciyata da lasifika a gaban dattawa kusan arba'in, ni kuma ina tsaye a gefe riƙe da wayar majigi kamar an dasa ni.

A lokacin ina aiki da wani ƙaramin kamfani a birnin Kano, masu yi wa malaman gona manhaja. Manhajar tana cikin tabulet ɗin da suke yawo da shi ƙauyuka, tana nuna lokacin shuka da hotunan ƙwarin da ke cin gero da wake. Ba ni nake rubuta ta ba. Ni aikina kula da rumbu, wato saba, babbar kwamfutar da ake tara ƙunshin manhajar a ciki, sabo da tsoho, kowanne da lambarsa. Da yake sabis a karkara sai a hankali, mun ajiye ƙananan kwamfutoci a ofisoshin wata ƙungiyar manoma a Tofa da Dawanau da Shanono. Kowace tana kwafo abin da ke babban rumbu, tabulet kuma ya sauke daga wadda ta fi kusa da shi.

Kafin in zo, da hannu ake yin komai, sakin sabon ƙunshi kan cinye yini guda. Ni kuwa, da zafin kai na sabon ma'aikaci, na zauna na rubuta wani sikirif, wato jerin umarnin da kwamfuta ke bi da kanta, da zai ɗauke wannan wahala. Duk abin da na adana a laftof ɗina, nan take zai tafi saba. Ƙarfe huɗu na yamma kuma sikirif ya tashi da kansa, ya haɗa ƙunshi, ya ba shi lamba, ya buga masa hatimin kamfani, ya rarraba wa ƙananan rumbunan. Na nuna wa shugabar sashenmu, Injiniya Binta, ina jiran yabo.

Ta duba ta ce, “Ya yi kyau, Malam. Amma ka bar madanni ɗaya a ƙarshe, wanda sai mutum ya karanta ya danna kafin abu ya fita.”

Na ce, “Ranki ya daɗe, ai amfanin inji ke nan, kada a jira mutum.”

Ta ce, “Na ji. Ka dai bar madannin.”

Na bar shi mako biyu, sannan na cire a ɓoye. (Dalilina kuwa ba wani babba ba ne: kafin in danna shi sai na taka zuwa gindin tsamiyar bayan gidanmu, inda sabis yake, ni kuma rana ta ishe ni.)

To, a wannan bazarar ne matata Zulai ba ta gida. Cikinta na wata bakwai aka zo aka tafi da ita gidansu, wani ƙauye gaba da Shanono, saboda haihuwar fari ce. Ta sauka lafiya, aka sami mace, ta shiga wanka. Ranar suna na gan ta, amma ganin bai wuce a ce sannu ba, ɗaki cike da mata. Aka miƙo mini jaririyar, na karɓa ina sunkuyar da kai, kafin in kalli fuskarta da kyau an karɓe. A waya kuma abin bai fi haka ba. Ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Ladi, ita ke yi mata wanka, kuma duk lokacin da na kira tana nan kusa, har tarinta nake ji. Hirarmu ba ta wuce “Ya ruwan zafi?” da “Ya baƙuwa?” da “To, a gaida mutan gida.”

Ban san gida yana da sauti ba sai da ta tafi. Babu ƙarar ludayi a tukunya, babu muryarta tana faɗa da kaji. Inna kan aiko mini da tuwo daga sashenta, in ci in mayar da kwano. Takalminta na roba yana bakin ƙofa, in ina shara sai in zagaye shi. Zan kuma faɗi wannan tunda yau ranar tonon asiri ce: akwai ranakun da nakan buɗe akwatin kayanta don kawai in ji sauran ƙamshin turaren wuta, in yi maza in rufe kada ya ƙare.

Ranar Litinin bayan azahar ina gindin tsamiya ina rubuta ɗan bayanin da ke fitowa a fuskar tabulet duk sanda aka sabunta manhaja, wanda muke sa wa take “Abin da ke sabo”. Na rubuta layi uku na aiki. Daga nan ban san yadda aka yi ba, hannuna ya ci gaba da kansa. Abin da na kasa faɗa a waya ya dinga zuba. Niyyata in na gama in yanke shi in ajiye a wani wuri. Ina cikin haka laftof ya nuna batir ya kusa mutuwa, sai na danna adanawa kamar yadda na saba, na rufe, na tafi alwalar la'asar zuciyata wasai.

Ƙarfe huɗu, ina sahu na biyu a masallaci, sikirif ɗina ya tashi ya yi aikinsa tsaf, babu kuskure ko ɗaya.

Washegari akwai taron horar da shugabannin manoma a Shanono kafin faɗuwar damina. Ni na roƙa a tura ni in haɗa majigi, kuma kowa ya san dalili. Na sa kaftanina na suna, na hau babur tun da hantsi. Da na shiga zauren, a layin gaba na hango surukina, Malam Isyaku, domin shi ne shugaban manoman yankinsu. Mutum ne marar yawan magana, tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, na koma wajen wayoyina.

Mai gabatarwa wani malamin gona ne, Malam Habu. Da yake yawancin dattawan ba su yi boko ba, duk abin da ya fito a bango shi yake karanta musu da lasifika. Yana da murya mai kyau, yana kuma da wata ɗabi'a: in yana karatu ba ya sauraron kansa.

Ya buɗe manhaja, ya ce, “Alhamdu lillahi, jiya ma an sabunta mana ita. Bari mu ji abin da ke sabo.”

Na ɗan gyara tsayuwa, ina so surukina ya san aikina ne.

Malam Habu ya fara: “An gyara jadawalin shukar gero na bana. An ƙara hotunan tsutsar da ke huda zangarniya. An rage nauyin manhajar don ta riƙa buɗewa da sauri. Zulai, yau kwana tamanin da huɗu rabon da in ji motsinki a tsakar gida.”

Wani tsoho a can baya ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, ita Zulai ɗin sabon iri ce?”

Malam Habu ya ce, “Bari mu ji dai, Baba,” ya ci gaba da muryarsa ta sanarwa: “Takalminki yana nan inda kika bar shi. Kazarki ta ƙyanƙyashe bakwai, shaho ya ɗauki ɗaya, na bi shi da gudu har bakin gona ina jifa, don kada ki dawo ki ce ban kula ba. Yarinyar nan sau ɗaya na ɗauke ta, amma har yanzu ina jin nauyinta a hannuna. Don Allah ki ce wa Gwaggo ta riƙa matsawa in na kira.”

A nan na farfaɗo, na kai hannu na fizge waya daga soket. Fanka ta tsaya. Majigi yana nan yana haskawa.

“Na ji ana cewa Baba yana so ki ƙara wata guda bayan arba'in. In haka ne, sai dai a zo a same ni na bushe kamar karan dawa. Naki har kullum...”

Sai a kan sunana Malam Habu ya ji abin da bakinsa ke faɗa. Ya tsaya, ya juyo ya dube ni, ya dubi Malam Isyaku, ya sauke lasifikar a hankali kamar tana da zafi. Zauren ya yi tsit, babu ko fanka da za ta rufa mini asiri. Na ga kafaɗun dattawa suna rawa, wasu sun sa bakin rawani sun toshe baki. Malaman gona da ke gefe kowa ya sunkuya kan tabulet ɗinsa, domin wasiƙar tana cikin kowanne, da hatimin kamfani a ƙasanta.

Surukina bai ɗago ba. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, sannan ya ce, “Malam Habu, a koma kan tsutsar nan.”

Ban san yadda na fita ba. Ina bayan zauren wayata ta yi ƙara, Injiniya Binta ce.

Ta ce, “Malam, Dawanau sun kira ni, Tofa sun kira ni. Ina madannin da na ce ka bari?”

Ba ta jira amsata ba.

Ta ce, “Ka fitar da gyara yanzu, ka mayar da shi, gobe ka same ni a ofis.” Ta ɗan tsaya, sannan ta ƙara, “Allah ya raya yarinyar.”

Na zauna a kan wani bulo na buɗe laftof, ina tunanin aiki ya tafi, mutunci ya tafi. Cikin minti goma na saki gyara, wasiƙar ta ɓace a Tofa da Dawanau. Ta Shanono ce ta ƙi, domin batirin solar ofishin ya mutu ana tsakiyar taro, ƙaramar kwamfutar ta ɗauke. (Kwana tara aka yi kafin a kawo sabon batir. Kwana tara malaman gona suna yawo da ni ƙauye ƙauye.)

Da aka tashi na so in sulale, amma babu yadda za a yi suruki ya tafi ba sallama. Na same shi a inuwar darbejiya yana jiran mai babur ɗinsa, na durƙusa nesa kaɗan, idona a ƙasa.

Ya ce, “Sannu da aiki.”

Na ce, “Yawwa, Baba.”

Can ya ce, “Daga garinku zuwa nan, tafiyar me ce a babur?”

“Ba ta kai awa biyu ba, Baba.”

“To. Ni dai a sanina ba a taɓa rufe maka ƙofar gidana ba. Ba sai ka bi ta Dawanau ba.” Ya gyara hularsa. “Ka biyo ni ka gaishe su. Ita Gwaggon taku akwai barkar da za ta je.”

Ranar na zauna da Zulai daga azahar har la'asar, mu biyu da yarinya. Ta yi haske, ta yi ƙiba, tana ta tambayata me ya same ni nake zufa haka. Ban gaya mata ba. Na riƙe 'yata har hannuna ya yi tsami, na ƙirga yatsunta, ta yi mini fitsari a kaftanin suna ban ko motsa ba. Bayan kwana uku matar wani malamin gona, ƙawarta, ta kwafe wasiƙar a takarda ta kai mata. Da na kira, Zulai ta kasa magana don dariya, daga baya kuma na ji muryarta ta canza, ta ce a hankali, “Ashe haka ka damu.” Gwaggo Ladi kuwa sai da ta yi wata biyu tana amsa gaisuwata da hanci.

Ba a ƙara watan ba, mako ɗaya aka ƙara, na kitso da lalle. A ofis Injiniya Binta ta ba ni takardar gargaɗi, ta kuma sa na tsaya gaban abokan aiki na bayyana yadda na cire madannin, amma ba ta kore ni ba. Har na bar kamfanin ana kirana Sabon Iri.

Yanzu muna cikin birni, sabis har cikin ɗaki, yarinyar ta shiga firamare. Malam Isyaku ya rasu damina biyu da suka wuce, Allah ya ji ƙansa. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake tayar da maganar ba ko da wasa, ni kuma ban taɓa samun bakin yi masa godiya ba, kullum ina cewa sai wani zuwan. Wani lokaci ina zaune a ofis mai sanyi sai in ji ina kewar wannan bazarar gaba ɗayanta, da zafinta da kunyarta, da wannan dattijo da ya ga na tozarta kaina a gaban sa'o'insa, ya zaɓi ya yi kamar tambayar hanya na yi.

Abin da na koya bai da yawa. Inji ba ya jin kunya, ba ya kuma tambaya ko ka tabbata. Abin da ka ba shi zai kai inda ka ce, a kan lokaci, ko da gaban surukinka ne. Shi ya sa yau ko waƙafi zan gyara, sai wani ya karanta kafin ya fita. In kuma na ji kewa ta fara saukowa yatsuna, rufe laftof nake yi tun kafin ta kai ga haruffa.