Rasuwar Sha-Nauyi, Jak ɗin Gaba na Gidan Mai Tabarau

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗar dama mai cike da tsami, mai shagon tabarau na bakin kasuwa, a madadin kansa da iyalansa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar amintaccen jak ɗin da ke ɗaga gaban babur ɗinsa na tsere, wanda aka fi sani da Sha-Nauyi. Marigayin ya cika ne da safiyar Asabar a garejin gida, yana bakin aiki, bayan doguwar jinya.

Marigayin ba ɗan kanti ba ne. Asalinsa gadon ƙarfe ne da mai tabarau ya yi zaman gwauranci a kansa. Bayan aure aka jingine shi a bayan gida yana shan rana, har shekarar da furfura ta fara leƙo wa mai gidan, ya wayi gari ya sayo jan babur mai gudu kamar an koro shi. Babur irin wannan ba a cire masa tayar gaba sai an ɗaga shi, don haka aka kai gadon wurin mai walda, ya yanka, ya lanƙwasa, ya haɗa. Aka sa masa tayoyin keken koyon tafiya na babbar 'yar gidan, aka naɗe masa hannuwa da tsoffin silifas don kada ya kankare fenti. Haka ya zo duniya, ƙafar hagu ta ɗan fi ta dama tsawo.

Duk wanda ya zauna da shi zai shaide shi da haƙuri. Baƙin mai ya zuba masa a ka, sifana ta faɗo masa, an yi tuntuɓe da shi an zage shi a kan laifin da ba nasa ba, bai taɓa ɗaga kai ba. Maƙwabta sun are shi sun dawo da shi da laka, ya koma aiki ba ƙorafi. Magana ɗaya gare shi: in an danna hannunsa ya ce ƙiii, in tayar ta bar ƙasa ya ce ƙas. Mai tabarau kan ce a duk gidan nan babu mai amsa masa da ladabi irin wannan.

Ya kuma riƙe amanar da ta fi ƙarfin gadon ƙarfe. Maman yara ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu karaya, ta ga abin da babur ke yi wa mutane. Tun ranar da aka shigo da jan babur ta kafa sharaɗi: “Baban yara, ranar da abin nan ya fitar maka da jini, ko na ɗan yatsa ne, ranar zai bar gidan nan.” Mai tabarau ya kiyaye a kan titi, Sha-Nauyi ya kiyaye a gareji, aka zauna lafiya.

Ciwon ajali ya faro ne da damina, daga wani ɗigon ruwa a rufin gareji da aka yi ta cewa gobe za a toshe. Tsatsa ta kama shi a gwiwa. Aka kai shi wurin mai walda, aka dawo da shi, aka sake komawa. A zuwan ƙarshe mai walda ya juya shi ya ce, “Yallaɓai, ka bar bawan nan ya huta. Abin da ya rage a jikinsa duk waldata ce, ƙarfen ya ƙare.” Mai tabarau ya ce ai tsohon doki sai mai shi, ya ɗauko abinsa ya dawo gida.

Ranar da abin ya faru, mai tabarau ya ɗaga babur zai canja boris ɗin tayar gaba. Ya cire taya ya jingine, ya durƙusa, hannunsa na ƙarƙashin ƙafafun ƙarfen da ke riƙe tayar yana share giris. Sai marigayin ya ce ƙiiiiii, ya ja ta da tsawo, bai kai ga ƙas ba. Iyalai suna so a sani cewa bai karye farat ɗaya ba. A hankali ya durƙushe, kamar dattijo zai zauna, har mai gidan ya zare hannunsa ya tara kafaɗa. Wannan ne aikinsa na ƙarshe.

Nan mai tabarau ya tsaya a rusune, babur a kafaɗa. In ya saki, fitila da fenti sun tafi. In ya yi kira, maman yara ce kaɗai a gida. Ya auna, ya sake aunawa, gumi na sauka a kan tabaransa har ya daina gani. Da nauyi ya fi ƙarfinsa ya kira ta, da murya irin ta mai neman a miƙo masa ruwa.

Ta leƙo, ta dube shi. Ta koma ta jawo katifar ɗakin baƙi, ta ninka ta a kan wata tsohuwar taya, ta tura ƙarƙashin inji, suka sauke babur tare. Sannan ta kama hannunsa ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta juya tafin, ta leƙa har ƙarƙashin farce. Bai taɓa jin bincike mai tsawon wannan ba.

“Babu jini,” in ji ta. “Ka ci sa'a. Amma sabon ni zan zaɓa.”

Marigayin ya bar jak ɗin baya, ƙaninsa kuma abokin aikinsa, wanda ba a taɓa ɗaga gaba ba tare da shi ba. Ya bar sifanoni da yawa, ban da mai lamba goma da ta riga shi ɓata. Ya bar tayar gaba a jingine da bango, da silifas biyu da ba su da sauran amfani ga kowa.

Game da magaji, an je kanti da yammacin ranar. Mai kanti ya fito da iri biyu. Na farko yana tallabar ƙafafun gaba daga ƙasa, ya isa a cire taya. Na biyu yana da sandar ƙarfe da ke shiga ramin da ke ƙarƙashin wuyan babur, ta ɗaga shi daga can, har ƙafafun ma a iya cire su. Mai tabarau ya nuna na farko, don ya ɗan yi kama da marigayi ta gefe. Maman yara ta sa aka ɗora babur ɗin kanti a kan kowanne, ta girgiza shi yadda take gwada gadon majinyaci, ta ce a ba su na biyun. Mai tabarau ya danna hannun sabon jak ɗin ya saurara.

“Wannan ai ba ya magana,” ya ce.

“Shi ya sa,” in ji ta.

Sai dai sandar dole ta yi daidai da faɗin ramin, kuma wadda ke kantin ta yi wa jan babur kauri. An aika a kawo daidai da shi. Har ta iso, babur na nan kwance a kan katifa, baƙon da ya zo kwana kuma sai ya yi haƙuri da kujerar falo.

Za a yi bankwana da marigayin ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a ƙofar gareji, inda mai sayen tsoffin ƙarafa zai zo da kurarsa ya raka shi makwancinsa. Mai walda ya nemi a yafe masa halarta, ya ce ya riga ya yi nasa kukan. Mai tabarau zai karɓi gaisuwa da hannun hagu, a yi masa uzuri. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su zo da kayan da ba sa tsoron baƙin mai, kuma kada kowa ya tashi da an gama addu'a. Ana neman majiya ƙarfi da za su ɗaga babur a zare katifa, surukar mai gidan na tafe ranar Lahadi.