Yadda Za Ka Ƙaddamar da Mutum-mutumin da Bai Yi Kama da Mai Shi Ba

An ɗora maka aikin kafa wa gwarzon wasannin garinku mutum-mutumi? Sannu. Sha ruwa, ka kwantar da hankalinka. Hanyar da zan ba ka an gwada ta a ƙofar filayen ƙwallo da bakin tashoshi ko'ina a Japan, duk inda ka ga 'yan makaranta sun tsaya gaban tagulla suna riƙe ciki don dariya. Ka bi ta daki-daki, na yi maka alkawari za ka fita da kujerarka. Kamanni kuwa ba ya cikin alkawarin.

Jagoranka a wannan tafiya shi ne Kuwabara, shugaban sashen yawon buɗe ido na garin Tobihama, mutumin da ya kusa ritaya ba a taɓa jin ra'ayinsa a kan komai ba. Wata safiya magajin gari ya kira shi ya ce Isogai Nagisa, yarinyar nan da ta ciyo zinariya a kokawar judo, ta yarda za ta zo gida, karon farko cikin shekaru.

"Ina son abin da zai sa ta hawaye a gaban kyamara," in ji magajin gari. "Af, wanda ya ɓata min bikin kifi bara, ina ma yake yanzu?"

Kuwabara ya san inda yake. Yana ofishin reshe na tsibiri, inda maguna suka fi mutane yawa. Da ya koma gida ya ba matarsa labari, ba ta ɗago daga yanka albasa ba. "In aka tura ka, ka gaishe min da magunan. Ni dai ina nan."

Ka ga abin da ke gabansa. To, mu fara.

Mataki na 1: Nemo mai sassaƙar da ba a iya ce masa a'a

Kada ka yi kuskuren neman gwani daga babban birni. Gwani ana iya gyara masa aiki, duk abin da ake iya gyarawa kuwa in ya lalace kai za a tambaya. Nemo tsoho mai daraja, zai fi kyau in ya taɓa murɗe kunnen magajin gari.

Kuwabara ya dace. Sensei Ogata, wato Malam Ogata, shi ya koyar da zane a firamaren garin tun kakannin wasu suna yawo da majina. Duk wanda ke da hatimi a ofishin gari ya taɓa tsayawa a bayan ajinsa riƙe da bokitin ruwa don horo. Yanzu gilashin idonsa ya kai kaurin gindin kwalba, kuma an ce ya taɓa gaida akwatin gidan waya. Da aka ambaci sunansa a taro, kowa ya gyaɗa kai. Ka lura: a ofis, gyaɗa kai ba yarda ba ce, neman tsari ne.

Mataki na 2: Kai hotuna, amma kada ka nace

Kuwabara ya je da hotunan Nagisa cike da jaka, da kwalin alewar wake. Ya durƙusa a kan tabarma, ya tura su gaba da hannu biyu.

Sensei ya ɗauki alewar, ya bar hotunan.

"Isogai ka ce? Na san fuskar gidan nan."

"Haka ne, Sensei. Sai dai ko da ɗaya ne, don gashin kai da..."

"Tetsuji." Rabon da a kira shi da sunan yanka a wajen gida har ya manta. "Kai ne ka zana min doki na ɗauka tebur ne, ko ba kai ba ne?"

"Ni ne, Sensei."

"To ɗauki jakarka."

Ya ɗauka. Kai ma ka ɗauka. Gobe in an tambaye ka, ka kai hotuna, kuma akwai shaida: alewar ta ƙare.

Mataki na 3: In ka ga aikin, ja iska ta haƙori

Ranar da Sensei ya ce a zo a gani, kwamiti ya tafi gaba ɗaya. Aka janye bargo. Ga rigar judo an zuba ta da tagulla, ga ɗamara, ga gashi ɗaure a ƙeya, ga lambar zinariya a ƙirji. A tsakiya kuma ga muƙamuƙi kamar akwatin kifi, ga gira a haɗe, ga hancin da ya karkace hagu.

Duk wanda ya haura arba'in a ɗakin ya san hancin nan. Hancin Gonzo ne, mahaifin Nagisa, masuncin da aka binne shekarun baya. Gonzo ɗin da ya ce judo ba aikin mata ba ne, ya fizge kayan 'yarsa ya wurga teku a matsayar jiragen masunta, rabin gari na kallo. Saboda shi ta bar Tobihama. Ko da ta zo jana'izarsa ba ta kwana ba.

Kuwabara ya ji kukan maguna a kunnensa. Amma dubi abin da ƙwararre ke yi: ya karkata kai, ya ja iska ta haƙori, ya ce, "Kai! Yana da ƙarfi."

"Ƙarfi sosai," in ji na kusa da shi.

"Akwai ruhi a ciki," in ji ma'aji, yana kallon takalminsa. Wannan dai bai yi ƙarya ba.

Haddace waɗannan kalmomi: ƙarfi, ruhi, zurfi. Ba wanda aka taɓa turawa tsibiri saboda su.

Mataki na 4: Raba laifin ƙanana-ƙanana

Rubuta takardar amincewa, ka zagaya da ita tebur-tebur, kowa ya buga jan hatiminsa, har mai kula da lambu. Laifin da ke da hatimi da yawa ba shi da uba. Magajin gari ya buga nasa ba tare da ya leƙa hoton aikin ba, shi kuma ba ɗan unguwar bakin teku ba ne, bai san Gonzo ba. Wannan zai ba ka kwanciyar hankali har zuwa lokacin da ka tuna cewa ranar biki ba takarda za a buɗe ba.

Mataki na 5: Abin da ba ya gyaruwa, saƙa masa hula

A nan ne Kuwabara ya nuna shi ba ƙaramin ma'aikaci ba ne. Yana dawowa daga aiki ya wuce 'yan gumakan dutsen nan na bakin hanya, waɗanda tsofaffin matan unguwa ke saƙa wa jajayen huluna kada sanyi ya kama su. Ya tsaya cak. Hula har gira. Mayafin wuya har haɓa. A tsakiya takunkumi, wanda dama kowa ke sawa. Me ya rage? Ido biyu. Ido kuwa na kowa ne.

Ya ruga ɗakin taron unguwa inda matan ke saƙa. Sai da ya gama rusunawa ya ɗago, ya ga wadda ke shugabantarsu. Fusae ce, mahaifiyar Nagisa, matar marigayi Gonzo.

"Hula a tsakiyar zafin nan?" ta ce. "Kuwabara-san, ko kai ne ba ka da lafiya?"

"Alamar ƙaunar iyaye mata ce, Isogai-san. Don 'yan jarida."

"To sai na auna kan."

Ba yadda ya iya. Ya kai ta rumbun da aka ajiye mutum-mutumin, ya ɗaga bargon kamar mai buɗe gawa. Fusae ta tsaya tana kallo, ta daɗe. Kuwabara ya shirya jin kuka, ko mari. Sai ta naɗe igiyar awonta ta mayar aljihu.

"Ba sai na auna ba. Na gaji da saƙa wa kan nan hula." Ta juya za ta fita. "Kunnen hagu ya fi haka girma. Amma Sensei ya yi ƙoƙari."

"Za ki gaya wa Nagisa?"

"Kai ka gaya wa Sensei?"

Darasi: idan uwa ta shiga cikin ƙaryarka, kada ka tambaye ta dalili.

Mataki na 6: Ranar biki, tsaya kusa da igiya, nesa da tsoho

Rana ta take. Gaban tashar jirgin ƙasa ya cika, 'yan makaranta na busa, masu kyamara na goge gumi. Nagisa ta sauko daga mota, kafaɗunta sun fi na magajin gari faɗi, ta rusuna wa jama'a ba murmushi. Ko sau ɗaya ba ta kalli wajen teku ba.

Magajin gari ya yi jawabi har wata yarinya mai busa ƙaho ta faɗi. Aka ja igiya, ƙyalle ya sauka. Ga gwarzuwar Tobihama cikin jar hula da mayafi da farin takunkumi, kamar mai mura za ta fashin banki. Aka yi tafi. Magajin gari ya juyo ya gyaɗa wa Kuwabara kai. Kuwabara ya ji tsibirin yana nutsewa cikin teku da magunansa duka.

Sai sanda ta bugi ƙasa.

"Wa ya rufe min aiki?"

Nan ne kuskuren Kuwabara, don haka na ce nesa da tsoho. An zaunar da Sensei a layin gaba, dab da lasifika.

"Tetsuji! Cire tsummokaran nan."

"Sensei, iyayenmu mata ne suka..."

"Cire."

Kuwabara ya dubi magajin gari. Magajin gari, wanda shi ma ya taɓa riƙe bokiti, yana nazarin gajimare. Kuwabara ya hau tsani. Ya zare hula, ya kwance mayafi, ya cire takunkumi, ya sauko riƙe da su kamar wanda aka kama da kayan shanya.

Tafin ya mutu daga layin tsofaffi zuwa baya. Wani masunci ya ce, "Wayyo, Gonzo!" matarsa ta make shi da mafici.

Nagisa ta tako a hankali. Ta ɗaga kai ta dubi hancin, ta dubi girar, ta sauko da ido kan rigar, kan ɗamarar, kan lambar zinariya. Kafaɗunta suka fara rawa. Magajin gari ya yafito masu kyamara, ga hawayen da ya yi oda. Hawayen kuwa sun zo, amma da dariya suka zo, irin wadda ke lanƙwasa mutum.

"Mama! Mama, zo ki gani! An sa masa kayan!"

Fusae ta matso, tana fifita. "Na gani tun tuni. Har da ɗaurin gashi."

"Ya sa kayan judo! A gaban tasha!"

"Ko sau ɗaya bai je kallonki ba," in ji Fusae, da muryar da ta saba tallar kifi. "Yanzu ga shi zai tsaya riƙe da lambarki, rana da ruwan sama, kuma ba bakin magana. Ni dai ban taɓa ganin sa da kyau haka ba."

Nagisa ta miƙa hannu ta damƙi wuyan rigar tagullar, damƙar da ta kayar da matan duniya. "Baba, ya ka ji kayan? Wurga su teku mana." Ta saki, ta share fuska da bayan hannu, ta juyo wajen magajin gari. "Kada a taɓa shi. Ko ƙwayar gira ɗaya."

Magajin gari bai gane komai ba, don haka ya fara tafi. Gari ya bi shi.

Mataki na 7: Kada ka tambayi mai sassaƙa ko da gangan ne

Kuwabara ya karya wannan doka, kai kada ka karya. Da ana watsewa ya rusuna kusa da kujerar Sensei. "Sensei, hotunan nan da na kawo... da ma an duba."

Tsohon ya cire gilashi yana gogewa. "Kana tsammani ban san fuskar yarinyar da ta zauna a ajina ba? Ranar da ya jefa kayanta a ruwa ina wurin. Kai ma kana wurin, da kekenka. Duk mun ja iska ta haƙori." Ya mayar da gilashin. "Na ce bari in gani ko yanzu akwai mai iya cewa a'a a garin nan. Ka gani. Hula kuka saƙa."

Kuwabara ya buɗe baki. Ya karkata kai. "Akwai zurfi, Sensei," ya ce.

Mataki na 8: Karɓi yabo da hannu biyu

Hoton ya zagaya ƙasa. Mutane suka riƙa sauka daga jirgi don su ɗauki hoto da mummunan mutum-mutumin Tobihama, masu shagon taliya suka ƙara kujeru. Nagisa ta kwana a gidan uwarta, ta sake kwana. Fusae kan tsaya kowace safiya a hanyar kasuwa ta gaya wa mijinta abin da ba ta samu damar faɗa ba yana da rai.

Kuwabara bai je tsibiri ba. Magajin gari ya kira shi, ya zuba masa shayi da hannunsa.

"Aiki ya yi kyau. Yanzu saura yaron nan namu mai jifan ƙwallo, jikan ƙanwata. Kai za ka riƙe. Na riga na yi wa Sensei magana, ya ce ba sai an kai hoto ba, mu ma ya san fuskar gidanmu."

A hanyar gida Kuwabara ya biya ta matsayar jiragen ruwa, ya tambayi mai tikiti ko magunan tsibiri suna cizo.

Gargaɗi: Mai wannan shawara ba shi da hannu a duk hancin da ya karkace, ko gwarzon da ya yi fushi, ko mamacin da ya dawo cikin tagulla. Ba kowace gwarzuwa ke dariya ba, wasu kayar da mutum suke yi. In aka tura ka tsibiri, ban san ka ba, ban taɓa ganin ka ba, kuma hatimina ba ya kan takardar.