Goron da Ya Fi Kusa da Rana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na gayyato makafi su taɓa sararin samaniya. Shekarun tamanin ne, ina sabon malamin kimiyya a wata firamare a unguwar Maamobi, ga ƙuruciya ga iyayi.

Maƙwabtanmu suna da 'ya makauniya, Mariama, wadda na sha yi wa hirar taurari a tsakar gida. Na so a ɗauke ta ajina, hedimasta ya ce wanda ba ya ganin allo ba ya koyon kimiyya. Na nace, ya ba ni rana guda in gwada, da sharaɗin in abin ya wargaje kada in sake tayar da maganar.

Na shiga kasuwar Nima na haɗo rana da duniyoyinta. Kankana ce rana, gwanda Jufita, lemo duniyarmu, Makyuri kuwa da yake ƙarama ce sai na sayo mata farin goro. (Har tsayawa na yi ina yaba wa kaina basira.) Na jera su a tebur, na haɗa su da igiya.

Mariama ta zo tare da Baba Issaka, dattijon makafin unguwa, da mutanensa. Hedimasta ya harɗe hannu a bakin ƙofa. Ni kuwa zumuɗi bai bar ni na yi bayanin komai ba, na durƙusa na danƙa wa Baba Issaka goron nan na Makyuri a hannu. To, a Zongo in yaro ya durƙusa ya ba babba goro, me ake nufi?

"Ei, Ticha, ka san girma paa! Allah shi yi albarka," in ji Baba. Ya yi bisimilla, ya ɓare goron, ya jefa rabi a baki, ya miƙa wa na kusa da shi rabi. Sauran suka ɗauka walima ce. Wata hajiya ta lalubo Jufita tana tambayar wuƙa.

Wa zai ƙwace goro daga bakin dattijo? Sai na ji kaina ina cewa, "Baba, wannan da kake taunawa ita ce ta fi kusa da rana."

"Shi ya sa yake da ɗaci," ya ce.

Hedimasta ya riƙe ƙofa yana ƙyaƙyatawa. Kunya ta ishe ni, amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na kashe wa yarinya karatu da hannuna.

Can sai ga muryar Mariama. Ashe ta bi igiya daga kankana har lemo, tana juya shi a hankali. "Ticha, wannan gefe da ya ba kankana baya, mutanensa ba su jin zafin rana ko? Shi ne dare?"

Dariyar hedimasta ta tsaya. Ya ce, "Ta zo ran Litinin."

Tun daga ranar bakina yake riga hannuna, kuma ban ƙara gina sararin samaniya da abin da ake ci ba.