Keken Injiniya

Duk unguwar nan babu mai kai irin na Injiniya. Shi da kansa ya tabbatar mana, kuma mutum mai gilashi biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, ai ba a musu da shi. Bai taɓa gyara ko soket ba, amma wata huɗu ya kwashe a kan teburin cin abinci, ya kori kowa zuwa ƙasa, yana ƙera wata 'yar manhaja da ake liƙa wa burauza, wato abin buɗe shafukan intanet. Aikinta ɗaya ne: ka nemi kaya a shagon intanet, ta tattara duk farashin da ya fito, ta raba daidai, ta sa wa wanda ya fi kusa da tsakiya koren tambari.

"An daina cutar ɗan Adam daga yau," in ji shi, yana gyara gilashin goshi. "Mai tsada ɓarawo ne, mai araha maƙaryaci. Gaskiya tana tsakiya, kuma ni na gano inda take zaune."

Bawan Allah ya yi imani da abinsa. Har shayinsa ya koma sha da ɗumi-ɗumi.

Ana nan sai keken ɗinkin matarsa ya mutu murus, ga rigunan makaranta arba'in an yanka an jibge, shugabar makarantar kuma ta ce ranar Litinin take so, in ba haka ba ta kai aikin wani wuri. Wannan ɗinkin ne ke ciyar da gidan, har da Injiniya da manhajarsa. Matar ta ɗauko ajiyarta za ta kasuwa, ya tare ƙofa.

"Kasuwa? Matar Injiniya? Kawo nan, ki ga aikin ilimi."

"Baban yara, keken ɗinki fa. Mai ƙafa."

"Na ji."

Ya ji ɗin, amma manyan mutane ba sa dogon rubutu. Ya buga "keke" kawai. Shagon kuwa ya zazzago masa duk abin da ke amsa wannan suna: keken yara mai ƙararrawa, keken guragu, keken ɗinki, tsohon keken rubutu, har da mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja. Manhaja ta haɗiye su duka ba ta tambayi kowa ba, ta raba, ta manna koren tambari. Injiniya ya biya ko hoton bai kalla ba, don a cewarsa hoto na masu ƙaramin tunani ne.

Ranar Asabar kaya suka iso. Ya kira mai wanki da mai gyaran waya su zama shaida, ya yanka kwali da wuƙar kicin kamar mai buɗe sabuwar gada. Sai ga keken motsa jiki, irin wanda ake hawa a yi ta tuƙi ana zufa ba a je ko'ina ba.

Da wani ne, da ya ji kunya. Injiniya zagaya shi ya yi sau biyu.

"Ku duba da kyau. Yana da feda kamar na ɗinki, yana da sirdi kamar na hawa, kuma ba ya motsi kamar na rubutu. Wannan shi ne tsakiyar duk kekunan duniya."

Mai wanki ya ce ya bar dutsen guga a kan kaya. Mai gyaran waya ya bi shi ba sallama.

Matar ta kalli abin, ranta ya ɓaci. Ta shiga ɗaki, ta fito da rigunan, ta kasa su biyu a kan teburin, ta ture kwamfutarsa gefe.

"Riga arba'in, mu biyu. Ashirin-ashirin ke nan, ko manhajarka ta ce ba haka ba?"

Ta miƙa masa allura da zare.

Ta gama riga ta uku da hannu ta ɗago kai. Injiniya ya sauko da gilashin goshi ya ɗora a kan na ido, yana ta soka zare a tsakiyar allura, yana mitar cewa wanda ya ƙera ta ya sa ramin a inda bai dace ba.