Rahoton da Na Rubuta a kan 'Yan Matan Golf

Ko da zan manta ranar ɗaurin aurena (Allah ya sa maiɗakina ba za ta karanta wannan ba), ba na jin zan taɓa mantawa da Larabar da na miƙe gaban kwamiti na karanta rahotona a kan ƙungiyar golf ta 'yan matan jami'armu. Har yau in abin ya faɗo mini a rai ina cin abinci, sai na ajiye cokali.

A lokacin ina ƙaramin jami'i a ofishin magatakarda na wata jami'a a nan Abuja, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Abin taƙamata shi ne rubuta rahoto. Ka ba ni fayil da safe, kafin la'asar na dawo maka da shi shafi ashirin, da kanun magana, da zane mai launi, da shawarwari a jere. Abokan aiki suna kirana Sarkin Rahoto, ni kuma ina amsawa da fara'a, ban taɓa tsayawa na bincika ko zolaya ce ba.

To, akwai wani fili a bayan ɗakin karatu inda 'yan matan nan suke atisaye. Ba wani filin a zo a gani ba ne, dogon fegi ne kawai, sai dai a ƙarshensa akwai wani wuri mai lallausar ciyawa da ɗan rami a tsakiya. Su da kansu suka shuka ciyawar, kuma da rani bokiti-bokiti suke ɗebo ruwa daga famfon masallaci suna ba ta. A gefe guda kuma malamai sun ishi kowa da ƙorafin rashin wurin ajiye mota. Sai aka kafa kwamiti, aka ba wani Farfesa shugabanci, aka sa ni sakatare.

"Malam Sakatare," in ji Farfesa, "ka kawo mana tarihin yaran nan a gasar ƙasa tun daga farko. In suna abin kirki, a bar musu filinsu. In ba sa yi, motoci suna jira."

Na ce an gama, ranka ya daɗe.

Bari in faɗi gaskiya tun yanzu. Iyakar abin da na sani game da golf shi ne in na wuce ta gefen filin manya a cikin gari, nakan hango wasu masu tumbi da hular hana sallah suna yawo a hankali kamar masu neman makullin da ya faɗi. Amma a ganina wannan ba matsala ba ce. Wasa ai wasa ne, lamba kuma lamba ce.

Ofishin wasanni ya aiko mini da fayil cike da katunan sakamako na kowace shekara. Kowane kati yana da sunan 'yar wasa, da ƙananan gidaje masu lambobi, da jimla a ƙasa. Ban ɓata lokaci a kan ƙananan gidajen ba, jimlar na nufa kai tsaye. Abin da na gani kuwa ya tayar mini da hankali. A shekarar farko, shugabar 'yan wasan ta haura ɗari da nisa. Daga nan kowace shekara lambobin sai raguwa suke yi, har aka zo kan ta yanzu, wadda ko tamanin ba ta kai ba. Ni kuwa tun daga firamare har zuwa jarrabawar ƙarin girma, ba a taɓa dukana don na ci da yawa ba. Na jinjina kai na ce lallai 'yan matan zamani sun lalace.

(Akwai wani hoto a cikin fayil ɗin, na bara, suna dariya da lambobin yabo a wuya. Na gan shi sarai. Na ɗauka irin waɗanda ake raba wa kowa ne don kada a koma gida hannu sake.)

Ina cikin haɗa zanena sai aka yi sallama. Wata yarinya ce siririya da farin hijabi, ta ce sunanta Rukayya, tana ajin ƙarshe a sashen haɗa magunguna, kuma ita ce shugabar 'yan wasan.

"Yallaɓai, an ce kai ne kake rubuta mana rifot ɗin. Na ce ko in zauna minti biyar in nuna maka yadda ake karanta katin?"

Na dube ta ta saman gilashi (gilashin ma na ado ne, idona ƙalau yake). Na ce, "Ƙanwata, da lissafi nake cin abinci. Na ga komai, na fahimci komai. Je ki abinki."

Fuskarta ta washe. Ta ce, "Alhamdulillahi, to hankalina ya kwanta. Saura mako uku gasar bana, kuma ita ce ta ƙarshe a gare ni." Ta yi godiya har da ɗan rusunawa, ta fita. Duk cikin abin da ya faru, wannan godiyar ita ta fi ci mini rai har yau.

Na kammala rahoton ranar Litinin. Shawarata ta ƙarshe layi ɗaya ce: tunda ƙungiyar koma-baya take yi kowace shekara, a mayar da filin wurin ajiye motoci. Rahoton ya burge ni ƙwarai, har na ga asara ce a ce sai Laraba za a gan shi. Saboda haka na ɗauki kwafi ɗaya na kai ofishin shugaban jami'a da hannuna, don a san akwai masu himma a ƙasa. Ba wanda ya sa ni.

Ranar Laraba na sha shaddata mai ruwan sararin samaniya, na kafa hula. Ɗakin taro ya cika. Ga Farfesa, ga malamai shida, ga Rukayya a kujerar baya ta rungume jakarta. Sannan ga wakiliyar tsofaffin ɗalibai, Hajiya Binta, darakta a wata ma'aikatar tarayya, wadda ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa. Ita ce ma makamin da na ɓoye, domin na gano cewa ita ce shugabar 'yan wasan ta shekarar farko, mai lambar nan da ta haura ɗari.

Na kunna majigi. Wani jan layi ya bayyana a bango, ya taso daga sama ya gangaro ƙasa. Na yi bayani da murya irin ta mai ta'aziyya. Farfesa yana girgiza kai yana cewa, "Subhanallahi." Wani malami ma har ya fara tambayar na kusa da shi ko za a yi wa wurin rumfa. Na hango Rukayya ta ɗaga hannu, na yi mata alamar ta dakata, tambayoyi sai a ƙarshe.

Daga nan na gyara tsayuwa na ce, "Amma ba kullum aka kasance haka ba. A cikin ɗakin nan akwai gwarzuwar da ta kafa tarihi a gasar ƙasa. Lambar da ta samu, har yau babu wata ɗaliba da ta ko kusance ta." Na sa lambar a bango da manyan baƙaƙe, da sunanta a ƙasa. Na ce, "Ina roƙon Hajiya ta daure ta miƙe mu tafa mata."

Aka tafa. Ni na fi kowa ƙarfin tafi.

Hajiya ba ta miƙe ba. Ta cire gilashinta a hankali ta ajiye a kan tebur, ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Malam, wa ya aiko ka?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai gaskiya ce dole a faɗa."

"Shekara da shekaru ina ɓoye wannan lambar," in ji ta. "Ko maigidana bai san ta ba. Ni ce na zo ta ƙarshe a duk ƙasar nan. Ƙwallo huɗu na jefa cikin tafki, ɗaya kuma a motar wani bawan Allah. Kafin in gama har an kwashe kujeru. Yau kuma ka haska ni a bango ka ce a tafa mini."

Ni dai murmushin yana nan a fuskata, don ban san inda zan kai shi ba.

Sai Rukayya ta miƙe. Ta yi maganar dalla-dalla. Ta ce, "Ranka ya daɗe Farfesa, lambar nan ba maki ba ce. Yawan bugun da mutum ya yi ne kafin ƙwallo ta shiga ramuka. Kamar kunna risho ne, wadda ta kunna da ashana ɗaya ta fi wadda ta ƙarar da kwali. Mai ƙaramar lamba ita ce ta ci. Bara mu muka zo na uku, kuma ba mu taɓa kaiwa nan ba."

Wallahi na ji zufa tana bin bayana har cikin wando. Na juya na dubi jan layina. Yana nan yadda na zana shi, kyakkyawa, yana nuna yadda yaran nan suka yi ta ci gaba shekara bayan shekara.

Abin mamaki, nan take kowa a ɗakin ya zama masanin golf. Farfesan da ya gama salati yanzun nan ya ce, "Ai ni tun farko na ga abin bai zauna ba." Mai tambayar rumfa ya ce shi ma yana shirin magana ke nan. Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai na buɗe baki na ce, "To ai zanen daidai yake, fassarar ce kawai ta ɗan juya." Hajiya ta ce, "Zauna, Malam." Na zauna.

Cikin minti biyu kwamiti ya yanke cewa fili na 'yan mata ne, a janye rahoto. Na fara samun numfashi. Sai Farfesa ya ce, "Allah ya taimake mu abin bai fita daga ɗakin nan ba. Ko ba haka ba, Sakatare?"

Da ƙyar na iya cewa, "Ranka ya daɗe, akwai kwafi ɗaya."

Farfesa ya kira shugaban sashen ayyuka, ya buɗe muryar wayar kowa yana ji. Mutumin ya amsa da murnarsa: "Oga, ai mun fara aiki. Jiya babban oga ya sa hannu. Yanzu-yanzu tifa biyu ya gama juye tsakuwa, daidai wurin ciyawa ɗin nan, shi ne ya fi lebur."

A jami'ar da takardar gyaran famfo take wata shida a kan tebur, tawa ce ta samu sa hannu cikin kwana ɗaya.

Rukayya ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce, "A ba ni izini," ta ɗauki jakarta ta fita. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Sashen ayyuka suka ce kwashe tsakuwar sai an rubuta wata sabuwar takarda, kuma ba na jin akwai wanda zai ƙara yarda da takardata. Don haka da la'asar na ari shebur da baro wurin masu gadi, na naɗe hannun shaddata, na shiga cikin 'yan matan da suka riga suka fara kwasa. Kwana uku muna kwasa. Ba wadda ta ce mini ci kanka, sai dai in na cika baro su matsa mini hanya. Da muka kai ƙasa, ciyawar ta mutu murus, wurin duk ya yi kwari-kwari. Sauran kwanakin a barandar ɗakin kwanansu suka yi atisaye, a kan siminti, suna auna bakin kofi. Kuma ni ne dai sakatare, ni na rubuta bayanin zaman da hannuna. Na sa "an samu ɗan saɓanin fahimta", Farfesa ya ja layi a ƙarƙashi da jan biro ya rubuta, "Wa ya samu?"

Suka je gasar, suka dawo ba lambar yabo ko ɗaya. Bayan kwana biyu aka yi sallama a ofishina. Rukayya ce. Ta ajiye katinta na ƙarshe a kan teburina, ta daidaita shi da yatsa yadda zan gani sosai.

"Yallaɓai, ga na bana a sa a fayil. Mun samu lamba da yawa. Na san za ka ji daɗi."

Ta fita ta ja mini ƙofa a hankali. Na daɗe ina kallon katin, kuma wannan karon na iya karanta shi.

Tun daga ranar, duk wanda ya shigo ofishina ya ce zai yi mini bayani na minti biyar, ko a kan yadda ake fere fensir ne, kujera nake jawo masa in ce bismillah, ban sani ba.